Gas Ɗin da Ya Zo Babu Wari

Ban taɓa mantawa da ranar Larabar nan ba, ranar da ruwan sama ya nuna mini abin da hancina ya kasa ji. Ku sababbin ma'aikata kuna ce mini Mama Kumfa, kuna dariya a bayana idan na sa ku sake shafa ruwan sabulu a bakin tukunyar gas. Ina jin ku, kunnena bai mutu ba. To ku zauna ku karanta inda sunan ya fito. Kafin shi ina da wani suna, kuma na fi son wancan nesa ba kusa ba. Da can Mama Hanci ake ce mini.

Sunana Rifkatu. Da tsintsiya na shigo wannan wurin ɗura gas na Kafanchan, ni ce mai shara. Lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba, babban yatsa nake dangwalawa. Sai da na haifi ɗana na huɗu na shiga ajin yaƙi da jahilci na cocinmu, wurin Malama Asabe. Matar nan ba ta da wasa. Ita ta kama hannuna da nata, ta danne yatsuna a kan fensir har na iya jan layi ba tare da na yaga takarda ba. Idan na ce na gane, sai ta ce, "Kar ki gaya mini, ki nuna mini." Da karatun da ta ba ni na tashi daga shara na koma ɗura, daga baya aka naɗa ni shugabar masu ɗura.

Ga wanda ba ɗan aikin ba, ga yadda wurin yake. Akwai manaja, lokacin Oga Bulus ne. Akwai injiniya, shi a hedikwata yake, yana zuwa jefi-jefi. Sai ni, sai masu ɗura a ƙarƙashina. Mutum zai kawo tukunyarsa, a ɗora a sikeli, a ɗura, a sake aunawa. Aiki na ƙarshe shi ne a duba ko baki yana yoyo, domin akwai wata 'yar roba a ciki da take mutuwa idan ta tsufa. Doka ta ce a shafa ruwan sabulu, in ya yi kumfa to akwai yoyo. Amma gaskiyar Allah, a zamanin nan babu mai shafawa. Bokitin sabulun yana nan a lungu, sauro na ƙwai a ciki. Ni nake sunkuyawa in shinshina, in ce "wuce," ko in ce "sauke wannan." Kuma ban cika kuskure ba. Daga bakin ƙofa nakan ji tukunyar da ke yoyo a cikin layi, in nuna ta da yatsa. Mutane su yi ta mamaki, ni kuma kaina ya yi ta kumbura.

Abin da ban sani ba a lokacin, kuma yau ba na barin sabon ma'aikaci ya kwana bai sani ba, shi ne gas ba shi da wari nasa na kansa. Warin ruɓaɓɓen ƙwan nan da kuke toshe hanci dominsa, mutane ne suke zuba masa, da gangan, domin idan ya tsere a ji. Ni na ɗauka kamar yadda daddawa take da warinta haka Allah ya yi gas da nasa.

Daminar shekarar an yi ƙarancin gas. Babban tankinmu ya kusa bushewa, mata suna zuwa suna komawa da tukwane wayam, wasu sun koma gawayi. Da tanka ta iso daga Legas, kafin ta gama juyawa layi ya kai bakin titi. Kullum idan aka haɗa tiyo ana sauke kaya, wari kan cika wurin har mai gadi ya ɗaura ƙyalle a hanci. Ranar nan shiru. Na shinshina, na sake shinshinawa, ɗan abin da na ji bai kai a kira shi wari ba. Na tambayi direban tankar.

Ya ce, "Mama, wannan na jirgin ruwa ne, daga waje. Tatacce ne. Ba irin dattin da kuka saba da shi ba."

Shi ma faɗa kawai ya yi, bai sani ba. Amma maganar ta yi mini daɗi a kunne, na ɗauke ta na sa a bakina. Duk wadda ta zo sai in ce mata, "Yau kin yi sa'a, gas mai tsabta muka samu, na Turawa." Mata suna murna, suna cewa miyarsu za ta huta. Ina sunkuyawa ina shinshina bakin kowace tukunya, ina cewa "wuce, wuce, wuce." Ko ɗaya ban sauke ba. Kuma ban tsaya na tambayi kaina yaya aka yi robobin garin nan duka suka warke a rana ɗaya ba.

Ranar Litinin sai ga Malama Asabe. Ta yi ritaya, mijinta ya rasu, ta koma gidansu a Samaru Kataf tana zaune ita kaɗai. Ta zo da 'yar ƙaramar tukunyarta, irin mai murhu a ka. Na janye ta daga layi, na kawo mata kujera, na durƙusa na gaishe ta.

Ta ce, "Rifkatu, tashi, mutane suna kallo. Ke ce babba a nan."

Na ce, "A gabanki ban da girma, Malama. Yaya ƙirjin?"

Tana da asma, ta daɗe da ita. Ta ce, "Ƙirji yana nan. Warin abin nan naku ne ba ya so. Shi ya sa nake ajiye shi a kicin na waje, ga kwanon rufin ya huje, ina girki ruwa na zuba mini a wuya. Ga ɓarayi. Makon jiya suka ɗauke na maƙwabciyata da tukunyar wake a kai."

Ku ji abin da ya fito daga bakina. Na ce, "Malama, wahalarki ta ƙare. Wannan gas ba ya wari ko kaɗan. Ki shigar da shi ɗaki, ko kusa da gado kika ajiye ba za ki san yana nan ba."

Ta ce, "Kin tabbata?"

Na ce, "Ni fa ce Mama Hanci."

Na ɗura mata da hannuna, na sunkuya na shinshina, na ce lafiya lau. Ta sa mini albarka ta tafi.

Ranar Laraba da rana, hadari ya haɗu ta wajen Kagoro, sai ga keke mai ƙafa uku ya tsaya, Hajiya Uwani ta sauko. Mai waina ce a bakin tasha, iyayenta da kakanninta duk a kasuwar garin nan suka yi ciniki, kuma bakinta bai fi nawa sanyi ba. Mai keken ya sauke mata tukunya a tsakiyar fili.

Ta ce, "Ina Rifkatu? Zo nan. Iska kika ɗura mini ko me? Shekaranjiya na cika, yau na ɗaga na ji kamar garwar da ba ruwa."

Na ce, "Hajiya, sikeli ba ya ƙarya. A gabanki aka auna."

"To yoyo take yi."

Na sunkuya a gaban layi duka, na ja iska har ƙirjina ya cika, na miƙe. Na ce, "Babu yoyo. Ki je ki tambayi masu taya ki aiki, wataƙila da dare suna dafa wa unguwa wake. Ko kuwa kin ƙara tanda ba ki gaya mana ba."

Mutane suka yi dariya. Ta ce, "Ni kike mai da maƙaryaciya?"

Na ce, "Ban ce ba. Amma hancin nan tun kafin ki san gas yake aiki."

Ina rufe baki, ruwa ya tsinke. Kowa ya gudu ƙarƙashin rumfa, aka bar tukunyarta a fili. Ina gefe ɗaya, tana gefe ɗaya, muna hararar juna. Da ruwan ya ɗan tsagaita, sai na ga ta zuba wa tukunyar ido. Ruwa ya taru a kwarmin bakin, kuma yana ta ɓulɓula, ƙananan ƙwayaye suna tasowa ba tsayawa.

Ta ce, a hankali, yadda kowa zai ji, "Mama Hanci, tukunyar tawa dahuwa take yi?"

Na fita cikin yayyafi na durƙusa. Idona yana ganin gas yana fita. Na kai hancina har ruwan ya taɓa shi. Ban ji komai ba. Na sa yatsa, na ji sanyi.

Na aika aka ɗauko bokitin nan na lungu, aka zubar da ruwan sauro, aka kaɗa sabulu. Na bi tukwanen da na riga na ce "wuce," waɗanda masu su ke jiran ruwa ya ɗauke su tafi. Ba duka ba, amma wasu sun yi kumfa, har wata ta yi tozo kamar ana wanki.

Oga Bulus ya shiga ofis ya rufe ƙofa yana waya. Da ya fito fuskarsa ta canza. Ya ja ni gefe.

Ya ce, "Mama, ba a sa wa kayan nan wari ba."

Na ce, "Ba a sa ba? Ashe sa masa ake yi?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko rana daga gabas take fitowa. Ya ce, "A rufe famfo, ba sauran ɗura. Amma abeg, ki riƙe bakinki. Duk wanda ya zo, ki ce muna duba tukwane kyauta. Idan maganar nan ta fita, hukuma za ta rufe mu, ni da ke duk mu koma gida."

Na ce, "Waɗanda ba su zo ba fa?"

Ina faɗin haka sai Malama Asabe ta faɗo mini a rai. Gas ya fi iska nauyi. Idan ya tsere a ɗaki ba ya tashi sama, kwanciya yake yi a ƙasa kamar ruwa, yana jiran wuta. Kuma na san Malama, ba ta yarda da fitilar batir ba, ta ce tana sa mata ciwon ido. Fitilar ƙwai take kunnawa da ashana.

Na kira wayarta, tana shiga ba a ɗauka. Na sake, haka. Motar kamfani ta tafi Kagarko da kaya. Na tsaya a tsakiyar fili da waya a hannu, na rasa ta inda zan fara. Hajiya Uwani ce ta matso.

Ta ce, "Me ya faru kuma?"

Na gaya mata. Matar da na gama ci wa mutunci a gaban mutane ba ta ce mini ko "kin gani" ba. Ta ce, "To tsayuwar me kike yi? Ƙanen maigidana yana lodi a tasha. Hau keken nan." Ta kira shi a waya, na ji tana cewa, "Ka sauke fasinja, ka ce ni na ce." Na cika gora da ruwan sabulu na hau. Oga Bulus yana kirana, ban waiga ba. Keken ya kai ni tasha, na shiga motar ƙanen mijinta muka kama hanya.

Hanyar nan na bi ta ba adadi, amma ranar ban ga dutsen Kagoro ba, ban ga gonakin citta ba. Ina ta kiran waya, ina ta cewa, "Ya Yesu, ka riƙe hannunta." Direban ya gaji da ni ya ce, "Mama, ki bar ni in ga titi."

Mun shiga Samaru da yamma, gari ya yi duhu saboda hadari, kuma babu wutar lantarki. Gidan Malama ciki da falo ne. Ƙofa a kulle da kwaɗo, tagogi duk a rufe gam. Na leƙa kicin na waje, babu tukunya. Maƙwabciyarta tana hura itace a tsakar gida. Ta ce Malama ta kwana biyu wurin 'yarta a Zonkwa, da safen nan ta dawo, ta shigar da kaya ɗaki ta rufe saboda ruwa, ta tafi taron Zumuntar Mata.

Na ce, "Kashe wutar nan."

Ta ce, "Ke kuma wace ce?"

Na ɗauki bokitinta na juye a kan murhun. Tana ihu tana zagina da yarensu, na ɗauki taɓaryarta na zaga bayan ɗaki. Na zaɓi itace don kar ƙarfe ya goga ƙarfe ya ba da tartsatsi. Ina cikin dukan tagar katako, ta ƙi buɗuwa, sai na ji ƙarar kwaɗo a gaba.

Na yar da taɓarya na zago a guje. Malama ta buɗe ƙofa, ta sunkuya a bakin ɗaki, ta ajiye fitila a dandamali ta ɗaga gilashin. Kwalin ashana yana hannun hagu, tsinke ɗaya a hannun dama. Babu lokacin magana. Na kai wa hannun duka da iyakar ƙarfina. Ashana ta watse. Tsohuwar nan ta yi baya, ta zame a laka, ta faɗi a kan hannunta.

Na doki hannun da ya koya mini riƙe fensir. Har gobe ina tuna ƙarar.

Ta ɗago tana haki. Ta ce, "Rifkatu? Kin haukace ne?"

Na ce, "Malama, kar ki motsa, kar ki shiga."

Na ja ta nesa, na riƙe numfashi na shiga ɗakin. Tukunyar tana nan gindin gado, daidai inda na ce ta ajiye. Na fito da ita, na koma na ture tagogi daga ciki. Na ajiye ta a fili, na tsiyaya ruwan gorar a wuyanta. Kumfa ya taso, ya yi ta hawa yana gangarowa. Tun Litinin take yoyo, amma a gidan 'yarta a baranda aka ajiye ta, iska na kwashewa. Yau ne aka kulle ta a ɗaki tun safe.

Malama ta daɗe tana kallon kumfan, tana riƙe da wuyan hannunta da ya fara kumbura. Maƙwabciyar ta daina zagi.

Ta ce, "Ba ke kika shinshina ba?"

Na ce, "Ni ce."

"Ba ke kika ce in sa a ɗaki ba?"

Na ce, "Ni ce, Malama." Na durƙusa a cikin lakar. Na so ta zage ni, ko ta mare ni, da na fi jin sauƙi.

Sai ta ce, "Tashi, ba ni kaɗai ba ce. Yanzun nan na gama gaya wa matan zumunta cewa akwai gas marar wari a Kafanchan, ana iya kwana da shi. Na ce ɗalibata ce ta faɗa, kuma ɗalibata ba ta ƙarya. Akwai waɗanda suka riga suka ɗuro. Suna coci har yanzu suna koyon waƙa. Mu je ki faɗa musu da bakinki."

Na ce, "Hannunki fa?"

Ta ce, "Hannu zai jira."

Haka muka shiga majami'ar, ni da laka har gwiwa, ita da hannu a rataye cikin ɗankwali. Masu buga tulu suka tsaya. Na tsaya a gaban matan nan na ce, "Ni ce Rifkatu mai gas. Abin da Malama ta gaya muku daga bakina ya fito, kuma ba gaskiya ba ne. Ban sani ba, na yi kamar na sani. Duk wadda ta ɗura wurinmu tun makon jiya, ta fitar da tukunya waje, kar ta kunna komai a ɗakin sai ya sha iska." Wata ta ce, "Wayyo, tawa tana ɗakin jikoki," ta fita a guje ko takalmi ba ta ɗauka ba. Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Ashe hancin na ado ne." Ba wadda ta yi dariya, kuma hakan ya fi mini ciwo.

Washegari na gaya wa Oga Bulus na riga na faɗa, kuma zan ci gaba da faɗa. Ya yi faɗa, ya ce na kashe mu. Na ce, "Oga, ka kore ni bayan mun gama." Daga baya ya ɗauki makullin mashin ɗinsa ya ce in hau. Ba zan ɓoye wannan alherin nasa ba, ya bi unguwa-unguwa tare da ni. Ranar Lahadi na shiga coci-coci lokacin sanarwa ina maimaita maganar. Hajiya Uwani ta ɗauki ɓangaren kasuwa da gidajen da ba na iya shiga kai tsaye. Ubangiji ya rufa asiri, ba a rasa rai ba. An rufe mu na ɗan lokaci, aka zo aka gyara kayan da ke tanki, aka sake buɗewa.

Bayan ƙura ta lafa injiniya ya zo daga hedikwata, Mista Yakubu, mutum mai sanyin magana wanda ya taɓa aiki a bakin teku. Ya tara mu ya yi mana bayani, kuma ina so ku riƙe shi, don gas ɗin da kuke ɗurawa daga can yake farawa.

Ya ce mai kawo gas ba shi da jirgi, haya yake ɗauka, kamar yadda ɗan kasuwa ke ɗaukar shatar mota. Tsakaninsa da mai jirgi akwai yarjejeniya, kuma a cikinta akwai sharaɗi na musamman a kan warin nan. Mai jirgi ba ya son a zuba shi a cikin jirginsa, domin yana kama tanki ya ƙi fita, kuma wataƙila kaya na gaba na wata masana'anta ne da ba ta son wari. Don haka idan mai haya yana so a zuba a jirgi, sai ya nema a rubuce tun da wuri. Shi zai kawo maganin warin, da na'urar zubawa, da ƙwararrun da za su yi aikin. Idan ya zube, ko wani ya ji ciwo, ko aka ɓata lokaci, ko sai an wanke tanki, duk a wuyansa. Kuma kyaftin yana da ikon ya ce a tsaya idan ya ga aikin zai jefa jirgi ko mutanensa cikin hatsari.

Ya ce abin da ya faru ke nan. Na'urar da aka kawo tana ɗiga, kyaftin ya hana. Mai haya kuwa kowace rana jirgi ya ƙara a tsaye shi ke biya, sai ya ce a sauke kayan haka, a zuba warin a tudu. Mutanen depo kuma, wato rumbun da ake sauke gas ɗin a tudu, sun saba kayan wannan mai hayar da warinsa yake zuwa. Kafin saƙo ya kai ga mai buɗe famfo, motocin tanka sun yi lodi sun kama hanya. Tamu tana ciki.

Na ɗaga hannu. Na ce, "Ranka ya daɗe, to laifin wa ne?"

Ya ce, "Kyaftin ya bi yarjejeniya, kuma ya yi daidai. Mai haya ya ce ya sanar. Depo sun ce sanarwar ta makara. Lauyoyi suna kai."

Na ce, "A cikin yarjejeniyar nan, an rubuta wa zai biya idan tankin jirgi ya yi wari. An rubuta wa zai biya idan jirgi ya kwana. Akwai inda aka rubuta wa zai gaya wa tsohuwar da za ta kunna ashana a Samaru?"

Ya ce, "Babu, Mama. Wannan yarjejeniyar tsakanin mutum biyu ce, mai jirgi da mai haya." Ya ƙara da cewa, "Shi ya sa aka ba ku bokitin sabulu."

Na sauke hannuna. Na zo da niyyar in ɗora wa mutanen teku, sai ga shi maganar ta dawo gindin bokitin da na bar wa sauro.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan. Daga jirgi zuwa ɗakin Malama hannuwa da yawa sun taɓa kayan nan, kuma kowane hannu yana da takardar da za ta wanke shi. Ban ce mugaye ba ne. Kowa ya tsare iyakarsa, ya ɗauka na gaba zai duba. Mu ne na ƙarshe. Bayanmu babu depo, babu lauya, sai mace da ashana. Shi ya sa yanzu idan tanka ta zo ba na bari a sauke sai an ɗebi kaɗan an tabbatar da wari, idan babu ta juya, ko layi ya kai Kagoro. Warin kuma ko ya cika wurin nan, sai an shafa sabulu. Na kuma koyi cewa wanda ya dawo da ƙorafi ba abokin gaba ba ne. Na je har bakin tasha na ba Hajiya Uwani haƙuri a gaban masu cin waina, tunda a gaban mutane na ci mata fuska. Ta ce ta yafe, amma ita ce ta raɗa mini Mama Kumfa, kuma ta tabbatar sunan ya bi gari.

Hannun Malama kuwa, ashe ƙashi ya tsage a wuyan hannu. Aka ɗaure shi, ya daɗe bai warke ba saboda shekaru. A cikin wannan lokacin aka kira 'yan fansho tantancewa, na ɗauki hutu na raka ta. Da aka zo kanta, ma'aikacin ya miƙo biro. Ta gwada, yatsun suka ƙi kamawa. Bai ko ɗago ya dube ta ba, ya turo mata tawada ya ce, "Mama, in ba ki iya rubutu ba, dangwala."

Matar da ta koya wa rabin matan cocinmu rubuta sunansu. Na buɗe baki zan wanke shi tas, ta taka mini ƙafa. Ta ce, "Rifkatu, kama mini." Na kama hannunta da nawa, na danna babban yatsanta a tawada, na danna a takarda. Idona ya cika, ban ga inda na danna ba sosai.

Da muka fito ta dubi yatsan, ta dube ni, ta ce, "Kin karkace. Da a ajina ne sai kin sake."

Har yanzu tana kawo 'yar tukunyarta, kun san ta, ita ce mai sanda da nake kawo wa kujera. Idan na ɗura na ce mata lafiya lau, ba ta tashi. Sai ta nuna bokiti da sandar. Ni kuma in ɗauko soso in shafa, mu tsaya mu biyu muna kallo.